Zomo Mai Lamba Sha Bakwai

Shekarun baya, tun ina iya hawa babur daga Roni zuwa Kazaure na dawo ban ji bayana ba, na taɓa yin aikin kula da zomaye. Kwanaki wani a cikinku ya tambaye ni kuskure mafi girma da na taɓa yi a wurin aiki, na ce masa ban tuna ba. Ƙarya na yi, na tuna sarai. Abin ya daɗe da wucewa, wanda na yi wa ma yana dariyarsa in ya ga dama, don haka bari na ba ku labarin.

Ni karatun lafiyar dabbobi na yi, na matsakaicin mataki, irin wanda a ƙauye ake ce maka likita, a ofis kuma a aike ka ɗauko fayil. Gidanmu makiyaya ne. Mahaifina har yau yana wajen Gwiwa da 'yan shanun da suka rage masa. A gidanmu akwai abin da ake koya wa mutum tun bai iya wanke hannu ba: dabbar da ake ci ba ta mutuwa a gabanka kana kallo. Da ka ga ta fara shure-shure, ka sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Wanda ya yi sanyin jiki har akuya ta mutu a hannunsa, sai an shekara ana ba da labarinsa. Shi ya sa ko da na fara sa takalmi sau ciki ina zuwa ofis, 'yar wuƙata ba ta barin aljihuna.

Abokina kuwa ɗan Babura ne. Tare muka yi sakandare, ni na tsaya inda ƙarfina ya kai, shi ya zarce har digiri na uku. Bincikensa a kan allurar rigakafin cutar ƙanjamau ne, irin wadda ake gwadawa a jikin dabbobi tun kafin a yi maganar mutane. An ba shi wani ɗakin dabbobi a bayan garin Kazaure, da takardun izini cike da jaka, da fararen zomaye ashirin da huɗu. Abin da ya rasa shi ne mai kula da su. Sai ya tuna da ni.

Na ce masa, "Wato duk faɗin ƙasar nan ni ka ga ya dace na yi kiwon zomaye masu ƙanjamau?"

Ya ce, "Kai matsalarka ke nan, ɗan Fulani. Zomo ba ya kamuwa da ita. Kuma ba ƙwayar cutar muke sa musu ba. Wani ɗan ɓangare ne na rigar da ƙwayar take sanye da ita, a ɗakin gwaji aka ƙera shi, ba shi da rai. Muna nuna wa jikin zomo shi ne, mu ga ko zai haɗa makamin da zai gane mai rigar in ya zo."

"In ya haɗa fa?"

"Sai mu ɗebi jininsa mu gwada. Makamin a jini yake zama. Wahalar ita ce ƙwayar nan sauya riga take yi kullum. Yawancin makaman da jiki ke haɗawa iri ɗaya kawai suke ganewa. Mu wanda zai gane iri da yawa muke nema."

Na gane rabi, na gyaɗa kai a kan sauran, na karɓi aiki. A gida kuwa ban yi nasarar bayyana ko rabin ba. Matata ta ware mini sabulu na daban da bokiti na daban, sai da aka yi wata biyu ta ga ban rame ba sannan ta mayar da ni cikin mutane.

Aikin ba shi da wuya, naci ne da shi. Kowane zomo da kejinsa, da lamba a kunnensa. Abincinsu daga buhu yake, da awo, babu harawa babu dusa, balle ɗan ganyen da zuciyata take raya mini na tsinko musu a hanya. Ina auna nauyinsu, na share keji, na canja ruwa, na rubuta wanda ya ci da wanda ya ƙi. Ranar allura ko ɗibar jini, ni ke naɗe zomo a tawul na riƙe, abokina ya nemi jijiyar kunne. Jinin kaɗan ake ɗiba. A sa shi a wani inji ya yi ta juyawa har ruwan ya tashi sama fatsi-fatsi, a zuba a 'yan kwalabe, a kai firiza. A jikin bango akwai takardar dokoki da na karanta na sa hannu. Ta uku tana cewa duk dabbar da aka ga alamar ciwo a jikinta, a kira mai bincike nan take.

Bayan allura ta uku, aka tura kwalaben wani babban ɗakin gwaji mai nisa. Muka yi makonni muna jira. Ran nan abokina ya shigo da takarda a hannu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa yana ƙoƙarin ɓoyewa. Ya wuce kai tsaye gaban kejin mai lamba sha bakwai ya tsaya.

Zomon nan ba shi da wani abin kallo. Malalaci ne, ga cizo. Sau biyu yana huda mini safar hannu. Amma jininsa, in ji abokina, ya tare ire-iren ƙwayar gwaji da na sauran ko kusa bai yi ba.

Ya ce, "Kada ka yi murna tukuna. Zomo ɗaya ne. Yana iya zama gaskiya, yana iya zama kuskuren gwaji. Ɗan jinin da muka tura ya ƙare a wurinsu. Sai mun yi musu allurar ƙarshe, mu ɗebi jini mai yawa, mu ciri saifa, don a can ƙwayoyin da ke haɗa makamin suke taruwa. In an sake gwadawa ya fito haka, to ina da abin faɗa. In ba haka ba, shekara uku na yi ina ciyar da zomaye."

Na ce, "Ni dai nake ciyar da su."

Ya ce, "To ka kula mini da wannan kamar ɗanka."

Aka yi allurar ƙarshe. Aka sa ranar wata Talata don ɗibar jinin. Abin da zan ba ku labari ya faru ranar Juma'ar da ke gabanta, saura kwana huɗu.

Tsakiyar bazara ce. Wanda ya taɓa kiwon zomo ya san ba abin da ke kashe shi da sauri kamar zafi. An kwana biyu babu wuta, janareta ke riƙe da fanka da firiza, shi ma da hantsin ranar ya yi tari ya mutu. Mai gyara ya ce sai bayan masallaci. Abokina yana Babura, ana sunan 'yar yayansa. Na jiƙa buhunan algarara na rataya a tagogi, na cika musu ruwa, na je masallacin da ke kusa. Da aka sallame ko addu'a ban tsaya ba.

Na tarar da ɗakin kamar an rufe tukunya. Zomaye duk sun miƙe suna haki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafa musu ruwa a kunne. Da na iso layi na uku, sai na ga ɗaya a kwance ta gefe, baki jiƙe, kai ya karkata baya. Na ciro shi da gudu na fita gindin darbejiyar da ke ƙofar ɗakin, inda ake samun ɗan iska. Mai gadinmu, wani dattijo mutumin kirki, yana zaune a wurin da butarsa. Na karɓe butar na shiga zuba wa zomon ruwa. Ya yi wata miƙa, ƙafafun baya suka fara shuri, ido ya juye.

Dattijon ya ce, "Malam, tafiya fa zai yi! Maza, kada ya lalace!"

Ba zan ɗora masa ba, don kafin ya rufe baki hannuna yana aljihu. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na juya shi gabas, na taka ƙafafun, na yi bisimilla, na yanka. Yanka mai kyau kuwa, wanda da mahaifina yana wurin zai gyaɗa kai. Jini ya tsiyaye a ƙasa, busasshiyar ƙasar ta shanye shi ina kallo. Mai gadi ya ce, "Alhamdu lillahi, ka same shi da rai," ya sa gefen takalminsa ya tura rairayi ya rufe wurin, kamar yadda ake yi.

Har ga Allah, a wannan daƙiƙar daɗi na ji, irin na wanda ya cim ma mota tana shirin tashi. Sai da na sunkuya zan goge wuƙar sannan idona ya faɗa kan kunnen. Sha bakwai.

Dattijon ya ce, "In ba ka ci, Malam, ni ina ci."

Na ce, "Baba, wannan ba a cin sa."

Ya dube ni, ya dubi zomon. Ya ce, "To don me ka yanka?"

Na yanka abin da babu mai ci, na zubar da abu ɗaya tilo da ake nema a jikinsa.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ba ni kunya. Na sa zomon a leda na ajiye a kan tebur, na koma na ƙarasa shafa wa sauran ruwa. Mai gyara ya zo, janareta ya tashi, fanka ta juya, sauran ashirin da uku suka farfaɗo. Ni kuma na zauna a bakin ƙofa da waya a hannu, ina tsara abin da zan ce. Na yi tunanin na ce muzuru ne ya shiga. Sai na tuna muzuru ba ya fuskantar alƙibla. Na yi tunanin na binne shi na ce ya mutu ya kumbura. Na yi tunanin na kashe wayar na tafi Gwiwa na koma bin shanu. Ina cikin wannan aka kira la'asar. Na yi salla, na ƙara zama kaɗan, sannan na kira shi.

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Na ce, "Dakta, sha bakwai ya faɗi. Zafi ne."

Ya ce, "Inna lillahi. Yana numfashi?"

"A'a."

"Ya mutu ke nan. Tun yaushe?"

"Ba mutuwa ya yi ba. Yanka shi na yi."

Ya ce, "Sa shi cikin ƙanƙara. Kada a firiza, cikin ƙanƙara. Ga ni nan."

Ya iso kafin magariba, da babbar rigarsa ta suna. Ya tuɓe rigar, ya sa safar hannu, ya buɗe zomon ya ciri saifar, ya sa a kwalba da wani ruwa, ya tura cikin ƙanƙara. Ya gwada zuƙo jini daga zuciya, abin da ya samu bai jiƙa gindin sirinji ba. Na ce muku yankan ya yi kyau. Da ya gama ya ce na nuna masa wurin. Muka fita gindin darbejiya. Ya tsuguna, ya sa yatsa ya tone rairayin, ya ga baƙin danshin da ya rage. Ya daɗe a tsugune. Mai gadi ya ɗauki butarsa ya zagaya baya.

Ya ce, "Ƙarfe nawa ka yanka shi?"

Na faɗa masa gaskiya, wajen biyu da rabi.

Ya duba agogo. Ya ce, "Jinin ya tafi, wannan na haƙura. Amma da ka kira ni a lokacin, da na ce ka ciri saifar ka sa a sanyi, ka iya ai. Awa biyu ta yi a leda cikin wannan zafin kafin ka kira." Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya kama hanyar babban ɗakin gwajin nan da saifar a ranar. Bayan kwanaki aka aiko masa cewa ƙwayoyin da ke ciki sun mutu, ba a samu abin aiki ba.

Ya sa na rubuta abin da ya faru a littafin aiki da hannuna, da lokacin yanka da lokacin kira, na sa hannu. Malamar da ke duba bincikensa ta zo da kanta. Na riga na kwashe 'yan kayana a jaka, ina jiran sallama. Ta karanta, ta tambaye ni dalili, na yi mata bayanin mushe iyakar iyawata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita a duk wuraren da ta yi aiki ba ta taɓa tunanin sai an rubuta wannan ba. Ta ciri biro ta ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar bango: ba a yanka dabbar gwaji. Ina jin a duniya ni kaɗai aka taɓa rubuta wa wannan dokar.

Ba a kore ni ba. Ranar Talata aka ɗebi jinin sauran kamar yadda aka tsara. Sakamakonsu ya fito daidai da na baya, babu abin mamaki.

Da na je Gwiwa na ba mahaifina labari, ina neman wanda zai goya mini baya. Yana zaune yana tufka igiya.

Ya ce, "Da rai ka same shi?"

Na ce, "Da rai, Baffa."

"Ka ambaci sunan Allah?"

"Na ambata."

"To ina laifin?"

Na yi masa bayanin jinin. Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Wato jinin da ake zubarwa shi suke so, naman kuma su ƙone?" Na ce haka ne. Ya jinjina kai, ya ce duniya da faɗi take. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya ce, "Amma dabbar ba taka ba ce. Kiwo aka ba ka. Mu in saniyar wani ta faɗi a hannunmu, muna yankawa, amma kafin a feɗe an tura wa mai ita. Kai ka zauna har la'asar. Wannan ba a gidan nan ka koya ba." Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba.

Abokina ya nemi ƙarin lokaci aka ba shi. Aka kawo sababbin zomaye, aka faro daga farko, allura iri ɗaya, tsari iri ɗaya. Shekara guda ta ƙaru a kan karatunsa, abokan karatunsa suka gama suka bar shi. Ya bar ni a kan aikina, amma ya sa aka koya mini abin da ake yi in dabba ta faɗi babu mai ceto: allurar barci tukuna, sannan a zuƙi jinin daga zuciya da sirinji, a ciri saifa, a kai sanyi. Wuƙata kuwa kullum da safe a wurin mai gadi nake barin ta, kamar mai shiga banki.

Bazara ta zagayo. Duk da mun ƙara fanka mun yi rumfa a kan rufin, wata rana mai lamba shida ya faɗi, irin faɗuwar wancan. Na yi masa duk abin da ake yi, bai tashi ba. Na kira abokina a take, ya ce na yi abin da aka koya mini. Na yi masa allurar barci, na jira ya saki jiki, na nemi zuciyar da yatsa, na soka. Bakina da kansa ya yi bisimilla. Sirinji ya cika, na sake wani ya cika. Zomon ya ƙare a tafin hannuna, wuyansa lafiya lau. Ban taɓa barin dabba ta mutu haka a hannuna ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar ban iya cin abinci ba. Amma ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba, saifar kuma ta shiga ƙanƙara da ɗuminta. Abokina ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan.

Aka tura, aka gwada. Babu komai a jinin mai lamba shida. Babu komai a na sauran ma, ban da irin makamin da ke gane riga ɗaya. Abin da sha bakwai ya nuna bai sake fitowa a jikin kowane zomo ba.

Abokina ya rubuta abin da ya samu, ya kammala, yanzu yana koyarwa. A cikin kundinsa mai kauri, sha bakwai layi biyu ya samu: dabba ɗaya ta nuna alama a gwajin farko, ba a samu damar tabbatarwa ba. Ya nuna mini wurin da kansa.

In na waiwaya yanzu, yankan ba ya damuna sosai. Hannu ne ya yi abin da aka shekara talatin ana koya masa, kuma na ga masu digiri ma suna da irin nasu. Zaman da na yi da waya a hannu shi ne nawa, don a nan ina cikin hankalina, kaina nake karewa. Tun daga lokacin, in na yi ɓarna a wurin aiki, kafin na nemi bayani nake kiran mai abu. Ba don na zama mutumin kirki ba, don na ga abin da awa biyu take ci.

Muna nan da abokina, muna zumunci, 'ya'yanmu sun san juna. In zancen ya taso yakan ce na daina sa abin a rai, a irin wannan binciken ana yawan ganin alama a dabba ɗaya ta ɓace, mai yiwuwa babu komai a jinin nan tun asali. Ina karɓar maganarsa, shi ya san aikin. Sai dai na lura bai taɓa cewa babu komai ba. Kullum mai yiwuwa yake cewa, kuma ni ne dalilin da ba zai taɓa iya faɗin fiye da haka ba.